Sawu Biyu a Bakin Ganga

Ranar da matan garinmu Haldigat za su shiga ruwa su miƙa wa rana baiko, ranar ce kogin Ganga ya wayi gari da gawa. Masu share matakalar wanka ne suka fara gani. Kifaye, manya da ƙanana, sun juyo da cikinsu sama sun yi fari fat tun daga matakala har iya ganin ido. Saniyar ɗakin bauta da ta sha ruwa da sassafe tana kwance tana fitar da kumfa. Kafin a gama salallamin wannan sai ga ihu daga rumfar shayi: Munni, 'yar mai shayin, ta kurkure baki a kogi, yanzu tana amai tana sanƙarewa. A kan babur aka tafi da ita asibiti.

Da kaka ta yi, Uwa Ganga, kogin da muke bauta wa, takan ja jikinta can tsakiyar yashi, ta bar mana wani siririn hannu da ke bi ta gaban gari, ruwansa kamar yana tafe kamar yana tsaye. A cikinsa muke wanka, a cikinsa muke zuba tokar mamatanmu. A cikinsa kuma masu azumin Chat, bikin bautar rana, za su tsaya yau da faɗuwar rana, ruwa iya ƙugu, bayan sun wuni sun kwana ko ɗigon ruwa bai shiga bakinsu ba.

To, mutanen garinmu ina son su, amma ba su da haƙurin tambaya. Kafin hantsi ya ɗaga kowa ya gama yanke hukunci: Kalimuddin marini ne ya yi wannan aika-aika. Ba shi ke da kwatar da ke zubar da jan ruwa a kogi ba? Ba shi ne ba ya bauta wa Ganga ba? Shi ke nan, magana ta ƙare.

Mukiya Awadesh, mai garin, ya aika a kira Jagesar.

Jagesar mai bin sawu ne, tsoho dogo mai ranƙwafaffen wuya. Duk ɓaunar da aka sace a yankin nan shi ke bin ta har gidan ɓarawo. Ba ya kallon fuskar mutum. In ka gaishe shi, ƙafarka yake amsa wa.

"Jagesar," in ji Mukiya, yana share gumi, "'yan sanda duk suna birni wajen cunkoson biki, sun ce sai gobe. Samarin nan kuwa har sun sayi kananzir. Da ƙyar na sa suka yarda su dakata zuwa lokacin da mata za su sauko da faifan baikonsu. In ba ka kawo min mutum kafin nan ba, ba ni da bakin hana su ƙona gidan marini."

"Mukiya-ji, gari duka ya tattake bakin matakala. Me kake so in karanta, sawun tumaki a kasuwa?"

"Karanta ko me ka samu. Akwai 'yan mata uku a gidan nan."

*

Ya tarar da Kalimuddin zaune a ƙofar marinarsa, hannuwansa rawaya har gwiwar hannu. An kulle ƙofar cikin gida, ana jin kukan yara ƙasa-ƙasa.

"Ka zo kai ma?" in ji marini. "Jagesar, tare muka yi kiwo da kai. Dubi hannuna. Sarin da matan nan za su ɗaura yau su shiga ruwa, wa ya rina su? Mako guda ban yi barcin kirki ba saboda bikinsu. Wallahi ko kare ban taɓa ba wa guba ba."

"Tashi ka nuna min kwatarka."

Suka bi ta har inda take faɗawa kogi. Can ƙasa da matakala take, bayan turken jiragen masunta. Jagesar ya tsaya ya kalli sama da wurin. Matattun kifaye sun yi layi har can sama da gari, inda ko warin marina ba ya kaiwa.

"Ruwanka ba ya tafiya da baya," ya ce. "Ba kai ba ne. Amma kada ka yi min fuskar waliyyi, Kalimuddin. Dubi yadda ka mai da bakin kogi kamar mahauta."

"Na ji, na ɗauka. Su kuma ledojin furanninku da ragowar fentin bikinku fa? Ni na zuba?"

Jagesar ya juya ya kama hanya.

*

Ya bi matattun kifayen yana haurawa. A bayansa akwai Lallan, ƙanen uban Munni, ƙaton saurayi da gora a hannu da jajayen idanu. Ba wanda ya gayyace shi, ba kuma wanda ya isa ya kore shi.

A can bakin hannun kogin, inda yake ɓallewa daga uwar ruwa, kifayen suka ƙare. Wurin ba kowa, sai yashi da ciyawa. Nan Jagesar ya ga sawu: layi biyu, kusa da juna, duka sun fuskanci ruwa. Yashin busasshe ne, bai riƙe yatsu ba, sai ramuka. A gefe kuma ga shatar gindin jirgi.

"Chacha, wannan ai ko ni na karanta!" Lallan ya daka tsalle; Chacha, wato Kawu, haka samari ke kiran tsohon. "Mutum biyu sun shiga, ba wanda ya fito. Jirgi ya kwashe su. Kuma wa ke ɗaure jirgi a nan in ba Gobardan ba? Dama an ce masunta na zuba magani su kwashi kifi a banza!"

"Yi a hankali, kana taka min aiki."

Ina! Ya riga ya yi gaba.

*

Gobardan masunci yana zaune a jirginsa ya haɗa kai da gwiwa. Da ya ga gorar Lallan sai ya miƙe.

"Ni zan kashe kifi? Har da 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba? To baɗi in ci me, yashi?"

"Ka ɗaure jirgi a bakin hannun kogi yau?" in ji Jagesar.

"Na ɗaure, Chacha. Gari na wayewa."

"Kai da wa?"

"Ni kaɗai. Ban ma taka yashi ba, daga ruwa na miƙa hannu."

"Ka miƙa hannu ka ɗauki me?"

Gobardan ya saci kallon gaban jirgi. Lallan ya fizge tarun da ke gaban jirgi, sai ga ƙananan jarkoki uku na maganin feshin gona, da hoton ƙoƙon kai a jikinsu.

"Ram! Ram! Tsinta na yi!" Gobardan ya fasa ihu. "A jere na gan su a bakin ruwa, ba komai a ciki, an wanke su tas. Na ce in zuba man inji. Da na ga kifi sun fara tasowa sai tsoro ya kama ni na ɓoye."

Lallan bai saurara ba. Ya shaƙe wuyan rigarsa ya ja shi zuwa gindin bishiyar pipal, inda ake zaman shari'ar gari. Yanzu masu laifi sun zama biyu, don samarin ba su saki marini ba, cewa suka yi shi ya biya masunci.

Jagesar ya zauna a bakin jirgin yana juya jarka ɗaya a hannu. An ɗauraye ta, an mayar da murfi an ɗaure. A wuyanta akwai jan zare, irin wanda ake ɗaura wa tulun bauta. A murfin ɗaya kuma ganyen furen genda ya maƙale. Ya daɗe yana bin ɓarayi, bai taɓa ganin mugun da ya wanke kayan aikinsa ya yi musu ado ba.

*

Ya koma wurin sawun shi kaɗai. Rana ta karkata, kowane rami ya sami inuwarsa, abin da ya ɓuya da hantsi ya fito fili. Layin farko ya nutse sosai, mai shi na ɗauke da kaya a ka. Layi na biyu bai da nauyi, takunsa gajeru, kuma a kowane rami dunduniya ce ta nutse ba yatsu ba. Mai tafiya gaba da yatsu yake tokare ƙasa ya watsa yashi baya. Wannan kuwa ƙafa ce mai laluben ƙasa kafin ta sauka.

Ba mutum biyu ba ne. Mutum ɗaya ne ya shiga, ya sauke kayansa, ya fito da baya da baya, bai yarda ya juya wa Ganga ƙeya ba.

Ya sunkuya ya bi layin har inda yashi ya haɗu da laka. Ga gurbin gwiwoyi biyu, ga gurbin goshi. Kusa da su kuma ga sawu ɗaya tak da laka ta riƙe shi cif: ƙaramar ƙafar dama, ba takalmi, babban yatsan ya karkace ya hau kan na kusa da shi.

 Jagesar ya zauna daɓas a cikin lakar.

Ya san yatsan nan. Yana wurin ranar da ya karye. Yana ɗan yaro, maraya, ɓauna ta taso masa, amaryar wansa ta fizge shi ta sa ƙafarta a inda kansa yake. Fulmatiya. Ita ta yi masa wanka, ita ta cire masa ƙwarƙwata, ita ta raine shi. Wata guda ke nan da ɗanta tilo, Birju, ya faɗi a gonar yalo yana feshi, bai sake tashi ba.

Tsoho ya kai hannu zai shafe sawun. Tafin hannu ɗaya ya isa. Sai ya janye shi, ya bar sawun.

*

Gidan da aka yi mutuwa ba ya Chat a shekarar, don haka gidan Fulmatiya shiru, ba ƙamshin suyar tekuwa, cincin ɗin bikin, ba rake a jingine. Jagesar, wanda take kira Jagwa, ya tarar da ita durƙushe tana shafe daɓen tsakar gida da kashin shanu.

"A'a, Jagwa! Yau ka tuna kana da gida? Tsaya can, kada ka taka min daɓe da ƙafafun nan naka kamar na raƙumi."

"Bauji, sannu da aiki," ya ce, don haka ake kiran matar wa.

"Ɗago ka kalle ni mana. Mutum ya tsufa yana kallon ƙafar mata, shi ya sa ba wadda ta aure ka." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta mutu a hanya. "Ka ji abin da aka yi wa Uwa? An ce marinin nan ne. Tir! Hannun da ya cuci Ganga ya bushe. Ita ta karɓi tokar yayanka, ita ta karɓi Birjuna. Ka kamo shi, Jagwa, kada ka tausaya masa."

 Jagesar ya dubi lungun da Birju ke ajiye kayan feshi. Ba komai, an shafe wurin, an ajiye 'yar fitilar ƙasa.

"Bauji, ina jarkokin Birju?"

"Na rabu da su. Yau tun kafin asuba." Ta faɗa da sauƙin zuciya, kamar mai ba da labarin ta biya alwashi. "Wata guda ina kwana da abin da ya kashe min ɗa. In zuba a gona, ƙasa ta mutu. In binne, yara su tono. Maƙwabci ya ce in sayar masa, na ce don ɗan wata ma ya faɗi? Na rasa inda zan kai mugun abin nan. Sai na ce, ke Fulmatiya, ina ake kai abin da ya fi ƙarfin mutum? Na kai wa Uwa. Can sama na je, inda ba kowa. Na roƙe ta ta tsarkake shi, na zuba mata furanni, har jarkokin na wanke na bar mata."

"Duka kika juye?"

"Duka. Me ya faru kake kallona haka? Yau ka iya kallon fuska?"

"Bauji, ba marini ba ne."

Ta tsaya da hannu a cikin kwano. Ta dube shi, ta dubi lungun. Ya ga lokacin da maganar ta isa.

"A'a," ta ce. "A'a, Jagwa. Ganga ce fa. Ba abin da ke ɓata ta. Zunubin kisan kai ma tana wankewa, sai ruwan jarka uku?"

"Saniya ta mutu. Munni tana asibiti."

"Munni? Ta mai shayi? Wadda ke kawo min madara?"

Ta zame ta zauna a kan ɗanyen daɓen. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Ba wanda ya ga sawun yatsanki sai ni," ya ce. "Zan ce iska ta share. Zan ce ido ya tsufa."

"Su Kalimuddin fa?"



"Tashi ka tafi wurin aikinka," ta ce. "Ba haka na raine ka ba."

*

Gindin pipal ya cika maƙil. Kalimuddin da Gobardan suna tsugune a tsakiya, jarkoki a gabansu. Mata sun sauko cikin rawayen sari, faifai cike da ayaba da kwakwa, leɓɓansu sun bushe, sun yi cirko-cirko ba ruwan shiga. A bayan taro ana jin warin kananzir.

"To, Jagesar?" in ji Mukiya.

"Kwatar marini tana ƙasa da matakala, gubar kuwa daga sama ta taso. A sake shi. Gobardan ɓarawon jarka ne, wannan kam ya tabbata, amma bai taka yashi ba."

"Sawu biyu fa?" Lallan ya yi tsawa. "Da idona na gani!"

 Jagesar ya tuɓe takalmi, ya taka zuwa gindin bishiya, ya durƙusa, ya miƙe, ya dawo da baya da baya. Ya nuna ƙurar.

"Nawa ka gani?"

Lallan ya duba. "Biyu."

"Mutum nawa ne suka yi su?"

 Tsofaffin mata ne suka fara ganewa, wata ta rufe baki da gefen sari. Samarin yanzu sukan yi wanka su juya su tafi suna danna waya. Masu fita daga kogi da baya ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma dukansu iyayenmu ne.

"Wanda ya yi wannan ba maƙiyin Ganga ba ne," in ji Jagesar. "Ya tuɓe takalmi, ya sa goshi a ƙasa, ya ɗaura jan zare. Baiko ya kai."

"Suna, Chacha! Suna muke so!"

Jagesar ya buɗe baki, harshe ya ƙi. Mutumin da ya kira sunan ɓarayi a gaban bindiga, ga shi yau yana haɗiyar yawu.

"Ku ƙyale shi, ba zai iya ba."

Taro ya dare. Fulmatiya ce, cikin farin sarinta, kashin shanu bai gama bushewa a hannunta ba. Ta zo ta tsaya kusa da jarkokin.

"Na Birju ne. Ni na juye." Ta faɗi yadda aka yi, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Sannan ta juya wajen mata. "Tun ina yarinya ake gaya min ba abin da ke ɓata ta. Uwata ta gaya min, malaman bauta sun gaya min, ni ma na gaya wa rabinku. Duk abin da ya dame mu ita muke kai wa. Wa ya taɓa ce min ita ma tana jin ciwo?"

 Wa zai amsa? Kowa a wurin ya taɓa miƙa wa kogin nan abin da ba ya so a gidansa.

Lallan ya ɗaga gora. Fulmatiya ba ta kauce ba, ta ma sunkuyar masa da kai. Gorar ta tsaya a sama. Wannan tsohuwar ce ta karɓi haihuwarsa, gari duka ya sani. Ya yi jifa da gorar, ya tsuguna ya fashe da kuka kamar yaro.

Ta matsa gaban Kalimuddin ta durƙusa ta haɗa tafukanta. "Na tsine maka ɗazu a cikin gidana. Ka yafe min."

"Haba Bauji," in ji marini, idonsa ya kawo ruwa. "Ni na rina likkafanin Birju. Tashi, don Allah."

Mukiya ya yi gyaran murya. Ya ce a zubar da zancen kananzir, maganar Fulmatiya kuma ta 'yan sanda ce gobe, shi zai raka ta da kansa. Ya ce mata su tsallaka yashi su tafi uwar ruwa, rana ba za ta jira ba. Ana cikin haka wayar Lallan ta yi ƙara. Munni ta buɗe ido, amma likita ya ce sai an ga kwana.

*

Mata suka bi yashi suna waƙa, muryoyinsu a dushe. Fulmatiya ba ta bi su ba. Ta gangara matakala ta tsaya a ta ƙarshe, ba ta bar ko yatsanta ya taɓa ruwa ba. Jagesar na tsaye a bayanta. Matattun kifaye na ta bugun dutse a hankali.

"Jagwa."

"Na'am, Bauji."

"Kai za ka sa min wuta in na mutu, ba ni da wani. To ka ji. Kada ka kawo tokata nan. Ka zuba a gonar yalo."

"Bauji! Wana yana cikin ruwan nan. Birju yana ciki. Duk rayuwarki abin da kike jira ke nan."

"Na sani. Na ɗora mata abin da ya isa."

Ya so ya yi gardama, ya ga ba wurinta. Ta ja sari ta rufe kai, ta juya, ta hau matakala ta nufi gida.

Jagesar ya sunkuyar da kai, don abin da ya iya ke nan. Ga sawunta a ƙurar matakala, ƙaramar ƙafa mai karkataccen yatsa. Tun yana yaro yake ganin sawun nan a bakin kogi, kullum yatsun na kallon ruwa, a zuwa da komowa. Yau dunduniya ce ke kallon ruwa. Ya san ba raini ba ne, kunya ce.

Ya tsuguna ya shafe sawun da tafin hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, har saman matakala, don kada Ganga ta gani.